Makullin Zalɓe Yana Hannun Innarka

Zuwa ga ɗana Rabi'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da kawunka da duk mutanen gidansa a Kumbotso. Mu nan Kura lafiya lau, sai gwiwata da ka sani, ita ma da sauƙi.

Maganar da ka bari a tsakar gida ka tafi ita ta sa na ɗauki biro. An ba ka aikin malamin gona a ƙauyukan fadamar Haɗeja, an kuma ce maka wanda ba shi da abin hawan da zai shiga laka ya fita, gara ya bar wa wani gurbin. Na ce ka ɗauki Zalɓe, dogon babur ɗina, tunda gwiwata ta daina iya buga masa kik. Innarka ta ce sam ba ta san zancen ba, ta zare makullin daga jikin ƙusa ta jefa a kwallarta ta rufe. Kai kuma ka ce ba za ka hau abin da mahaifiyarka ba ta sa wa albarka ba, ko da aikin zai kuɓuce. Wallahi na ji daɗin wannan magana taka, ko da yake ta bar ni a tsakiya, ga watan kama aiki yana matsowa.

Na lallashe ta har na gaji. Daga ƙarshe ta ce, "Malam, kai fa in kana ba yaran nan labarin babur ɗin nan, kullum kai ne gwani. Ka zauna ka rubuta masa duk faɗuwar da ka yi, kar ka rage ko ɗaya, ka karanta mini in ji da kunnena. Sannan na san abin da zan yi." To, ka ji dalilin doguwar takarda. Na so in kira ka ta wayar kawunka, amma babu katin da zai ɗauki yawan faɗuwata.

Ka tashi ka ga Zalɓe a zaure, shi ya sa ba ka ganin baƙuntarsa. Lokacin da nake aikin buɗe ƙofofin ruwa ma'aikata ta kawo irinsu, domin ƙaramin babur ba ya jure hanyar gefen kanal da damina. Da aka zo gwanjonsu na sayi wanda nake hawa, don na riga na san halinsa. An yi shi ne ya bi kwalta ya kuma bi jeji: ƙafafu dogaye, salansar hayaƙi a ɗage sama don kar ta sha ruwa, tayoyi masu haƙora. Manoma ne suka sa masa suna, wai in na kafe shi a bakin ruwa kamar zalɓe yake yana jiran kifi.

Faɗuwata ta farko ko tafiya ba na yi. Ka dai san ubanka, ba a banza ake ce mini Sale Gajere ba. Ranar kasuwar Kura na shigo da shi ina ta hura hanci, ina so kowa ya ga an ba ni sabon abu. Na zo gaban masu albasa na taka birki, na miƙa ƙafa, ashe daidai wani kwari na tsaya. Ƙafa ta nemi ƙasa ta rasa. A hankali, kamar ana kwantar da jariri, ni da Zalɓe muka kwanta a kan tarin albasar wani bawan Allah. Ya dube ni ya ce, "Sannu da sauka, ma'aikaci." Har yau in na wuce rumfarsu sai wani ya tambaye ni ko zan sauka.

Abin da na koya shi ne, mai dogon babur yana neman wurin ajiye ƙafarsa tun kafin ya tsaya. Ka fi ni tsawo, ka ɗauko dangin Innarka, amma hanyar fadama ba ta da shimfiɗa, gefe ɗaya tudu gefe ɗaya rami. Ka tsaya ta yadda tudun zai zo ɓangaren ƙafar da za ka sauke. In kuma ya riga ya rinjaye ka, sake shi ya faɗi, kar ka ce za ka tare shi da ƙarfin tsiya don jin kunyar mutane. Da irin wannan tarewar na fara lalata gwiwata.

Ta biyu ita na fi so ka riƙe, domin aikinka da mutane ne. Zalɓe yana da taurin tashi in ya yi zafi, kai ma ka sha gani. Sai ka buga kik har gumi ya keto maka yana ta yi maka tari. Saboda haka na ɗauki wata ɗabi'a: in na tashe shi da safe ba na kashe shi sai na gama zagaye. In na iske manoma a bakin gona sai in rage gudu, in ɗaga hannu daga can sama, hular kwano a kaina, inji yana ta ƙara, in wuce. Ni a raina na gaisa. Su kuwa a wurinsu wani ɗan ma'aikaci ne ya samu doguwar kujera yana leƙo dattawa daga bisa.

Akwai wani dattijo a wajen Bunkure, Malam Ilu, Allah Ya jiƙansa, mai noman alkama. Wata safiya na zo wucewa ya miƙe daga kan kunya yana yi mini magana yana nuna gaba. Na ɗaga masa hannu na ce "Lafiya lau, Baba!" na ƙara wuta. Ashe sun yanke hanyar ne don su tsallakar da ruwa zuwa gonakin ɗaya gefen, ruwan ya malale ya rufe ramin, ga shi lumui kamar ɗan kududdufi. Tayar gaba ta nutse, ni na yi gaba babu babur. Na tashi taɓo har cikin hanci.

Malam Ilu bai yi dariya ba. Ya tako a hankali, ya kama mini muka fito da shi, ya ɗebo ruwa a butarsa ya zuba mini na wanke fuska. Na ce, "Baba, ai da an sanar da ni an yanke hanya." Ya ce, "Na faɗa maka, yaro. Injinka ne ya amsa." Sai ya ƙara da cewa, "Tun da aka kawo ka nan ban taɓa ganin fuskarka ba sai yau. Ashe ma ɗan gidan Malam Audu ne." Kunya ta kama ni, ta fi ciwon kafaɗar da na bugu.

Daga ranar, duk inda na iske manya sai in kashe inji, in sauko, in tuɓe hular kwano, in durƙusa mu gaisa. Na sha wahalar kik, ba ƙarya. Amma sai ga shi ana gaya mini inda ƙofa take yoyo, da wanda yake toshe ruwa da buhun ƙasa ya hana na ƙasa da shi, da hanyar da ta lalace. In Zalɓe ya ƙi tashi, su da kansu suke tura ni. Rabi'u, inda za ka babu wanda ya san ubanka. Za ka zo musu da karatun taki da iri, su kuma su ne suka san inda ƙasa take cin taya. Ka sauko ka gaishe su. Filogi kuwa ka riƙa yawo da guda a aljihu, ka goge na ciki a kai a kai, taurin tashin zai ragu.

Haɗe da wannan akwai wani kuskure da na yi ta yi ba tare da na faɗi ba, amma Innarka ta ce shi ma faɗuwa ne, in sa shi. Babur ɗin nan babu inda ba ya iya bi, wannan kuwa shi ne sharrinsa. Sai ka ga hanya ta yi zagaye, ga gonar mutum shimfiɗe a gabanka, zuciya ta ce ratsa kawai. Na taɓa ratsa gefen gadon irin albasar wata tsohuwa, na ce ai taya ɗaya ce siririya. Washegari na iske ta tsugune tana tayar da 'yan tsiron da hannu ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ce mini komai ba sai "Ina kwana." Na gwammace ta zage ni. Kai da za ka je koya wa mutane noma, in aka ga sawun tayarka a cikin shuka sau ɗaya, duk abin da za ka faɗa bayan nan iska ce.

Yanzu kwalta. Samari suna ganin tayoyin nan masu haƙora su ɗauka riƙo ne da su ko'ina. A ƙasa da laka haka ne. A kan kwalta kuwa haƙoran ba su da abin cizo, in ruwa ya taɓa ta sai su zama kamar silifas a kan siminti. Ka kuma san halin mutanenmu da kaka, rabin titi shanyar shinkafa ce. Na taɓa kauce wa wata tirela a hanyar Zariya na hau shanyar mutane, na kama birkin gaba da ƙarfi. Ban san lokacin da na kai ƙasa ba. Shinkafa ta yi tsalle sama, mai ita ya biyo ni da abin juya shanya a hannu, da ya ga jini a gwiwar hannuna sai ya ajiye ya koma yi mini sannu. Haka wajen kasuwar tumatir ta Kadawa, ruɓaɓɓen da ake zubarwa a bakin hanya ya fi sabulu santsi.

Saboda haka a kwalta ka ɗauki kanka ƙaramin kowa. 'Yan acaɓa za su wuce ka a kan ƙananan baburansu suna waiwayenka suna dariya, wai ga dogo ya kasa gudu. Ƙyale su, za ka iske su a bakin taɓo suna naɗe wando. In ka ga shanya ko ɗanyen abu a gabanka, rage gudu tun daga nesa da giya, birkin baya a hankali, na gaba kuwa ka taɓa shi kamar kana taɓa ƙurji. A yashi kuma akasin haka ne: kar ka ji tsoro ka saki mai, in ka saki zai yi ta rawa da kai har ya zubar da kai. Ka matsa baya a kujera, ka dubi inda za ka, kar ka dubi taya. Hular kwano kuwa za a yi maka tsiya a kanta, a ce ka kifa tukunya, ga zafi. Tawa tana nan da tsaga a bayanta, ka duba ta in ka zo, ka tuna da nan ne ƙeyata take.

Kar ka ɗauka duk labarin faɗuwa ne. Da haka ne da ban riƙe shi shekarun nan duka ba. Akwai wata damina da hanyar ƙauyukan bayan kanal ta yanke gaba ɗaya, mota ko ta kusa ba ta zuwa. Maciji ya sari wani magidanci yana cirar ciyawa a shinkafa. Mutane suka zo da gudu suka same ni a kan ƙofar ruwa. Muka ɗora shi a bayana, aka ɗaure mu tare da rawanin wani, Zalɓe ya yi ta yanka laka har asibitin Kura. Mutumin yana nan da ransa, shi ne mai kawo mana ɗanyen kifi duk shekara, wanda kuke ce wa Baba Mai Tarwaɗa. Ranar da na sauke shi a ƙofar asibiti na zauna a ƙasa kusa da babur ɗin, ban taɓa jin daɗin mallakar wani abu kamar ranar ba.

Inda za ka irin wannan za ta same ka, don wataƙila kai kaɗai ne mai abin hawan da zai fita da damina. Kar ka bar tanki ya bushe, ko da ba ka da niyyar zuwa ko'ina. Wanda ya zo aron babur don ya je yawo, ka ba shi haƙuri da fara'a, domin wanda bai saba da tsawonsa ba zai karye ne ya bar ka da jin kunyar iyayensa. Amma wanda ya zo da mara lafiya, ka tashi ka kai shi da kanka, ko kana tsakiyar cin abinci.

Saura guda, wadda ta sa makulli yake cikin kwalla. Kana ƙarami lokacin, ka dai san Innarka ba ta iya ɗaga hannunta na hagu sosai. Ranar sunan ɗan ƙanwarta ne a Bunkure, na ɗauko ta ta hanyar gefen kanal. Ta sha ado, ga babban mayafi sabo. Safiya ce mai daɗi, alkama kore shar dama da hagu, tana ta ba ni labari a kunne ina dariya. Ban duba ba kafin mu tashi. Bakin mayafin ya sauka, tayar baya ta kama shi ta naɗe, ya fizge ta ta baya. Gudu kaɗan nake yi, shi ne Allah Ya taimake mu. Da na juyo na gan ta kwance a ƙasa, mayafi ya shaƙe mata wuya, ta kasa ko kiran sunan Allah da ƙarfi. Da haƙorina na yaga shi. Rabi'u, na ga tsoro a rayuwata, amma ban ga kamar na wannan safiyar ba.

Tun daga ranar ba ta sake hawa ba. Na kai shi wurin mai walda aka yi wa tayar baya da sarƙa kariya ta ƙarfe, na roƙe ta, na rantse, na yi fushi, na sake roƙo. Ta gwammace ta jira motar kasuwa a rana, ko ta taka da ƙafa. Ba ta taɓa yi mini gori ba, amma duk sanda na buga kik a zaure ina jin ta daga ɗaki tana addu'a. Saboda haka kar ka ga laifinta. Kai take hangowa kwance a inda ta kwanta, a garin da ba ta sani ba, babu mai yaga maka mayafi.

Shawarar a nan gajeriya ce. Duk wanda zai hau bayanka, namiji ko mace, kar ka tashi sai ka juya ka duba da idonka. Babbar riga a tattare ta a kan cinya, zani da mayafi a soke su, ƙafa a kan matakinta nesa da salansa. Ko sarkin garin ne, ka ce masa, "Ranka ya daɗe, a tattara riga." Wanda yake bayanka ba ya ganin hanya, kai ya ba amanar ransa.

Jiya da la'asar na kai nan a rubutun, na ɗauki takarda na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa, na zauna a kan turmi na karanta mata tun daga sallama. Wajen albasa ta yi dariya har ta ajiye faifai. Ta ce, "Ka manta wadda ka faɗa kanal da buhun taki." Na ce wannan ai ba faɗuwa ba ce, gaɓa ce ta zabtare. Ta ce, "Sa ta." To, na sa: kar ka bi bakin gaɓa bayan an saki ruwa, ƙasan a jiƙe yake ko da saman ya bushe.

Da na zo kan nata labarin sai hannunta ya tsaya a cikin shinkafa. Na gama, ban ɗago ba. Can ta ce, "Ashe ka tuna alkamar." Na ce na tuna. Ta tashi ta shiga ɗaki, na ji ƙarar murfin kwalla. Ta fito da makulli, na miƙa hannu, sai ta ƙulle shi a bakin zaninta.

Ta ce, "Ba kai zan ba ba, Malam. Kai na riga na ga tuƙinka. Ka rubuta masa ya zo ranar Juma'a. In an sauko daga masallaci shi zai ɗauke ni zuwa Bunkure wurin ƙanwata, ta hanyar gefen kanal, ta nan inda muka bi. Ina so in ji hannunsa da jikina. In ya juyo ya duba mayafina kafin ya tashi, in kuma ya kashe inji ya sauka ya gaida dattawan da za mu tarar, to ya tafi Haɗeja da albarkata."

Na ce, "Yanzu ke ce za ki hau Zalɓe? Ni shekara nawa ina roƙonki?" Ta ce, "Kai yawo za ka kai ni. Shi kuwa ɗana zan ba wa abin nan, ba zan ba shi abin da nake tsoro ba." Ta koma kan shinkafarta kamar ba ta ce komai ba. Ni ne na rasa inda zan sa idona, na fita zaure na tsaya ina goge tankin da ba shi da ƙura.

Na ce mata ai na riga na tona maka jarrabawar, tunda duk abin da ta faɗa zan rubuta. Ta ce in rubuta, sani daban, tunawa a kan babur daban. Don haka ka zo da wuri. Na sa bakanike ya canza baƙin mai ya ɗaure sarƙa, na kuma saya maka sabuwar hular kwano, tawa mai tsaga ta gama aikinta. Yau da safe na ga Innarka ta fito da ɗan ƙaramin mayafi ta wanke ta shanya. 

Zan tsaya a ƙofar gida in ga tashinku. Ina gaya maka tun yanzu, zan ɗan ji kishi, amma farin cikina ya fi. Ka tafi da ita a hankali, Rabi'u. In kun zo wajen gonakin alkama ta yi shiru, kar ka yi mata magana, ka dai rage gudu.

Allah Ya kawo ka lafiya, Ya kai ku Bunkure lafiya Ya dawo da ku. Allah Ya tsare ka a kwalta da laka, Ya haɗa ka da mutanen kirki a inda za ka, Ya sa su amfana da kai kai ma ka amfana da su. Allah Ya yi maka albarka. Ka gaida kawunka da iyalinsa, 'yan'uwanka duk suna gaishe ka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sale